Tsanin da Ba a Taɓawa: Ko Saɓanin Kiristoci Yana Rage wa Addininsu Ƙima?

A saman ƙofar Cocin Kabari Mai Tsarki da ke tsohon birnin Ƙudus, akwai wani ɗan tsani na katako jingine a ƙarƙashin taga. Ba mai hawansa, ba kuma mai ɗauke shi. Tun ƙarni na 18 yake wurin. Ɗariƙu shida ne suka yi tarayya a ginin: Girkawa 'yan Otodoks, Katolika, Armeniyawa, Kibɗawan Masar, Habashawa da Suriyaniyawa. Da rigimarsu ta ishi daular Usmaniyya ta Turkiyya, sai sarki ya ba da doka a 1757, aka sake jaddada ta a 1852, cewa kowa ya tsaya inda yake, kada a gusar da komai a wuraren tarayya sai da yardar sauran. Dokar ta tarar da tsanin a jingine, shi ke nan ya samu wurin zama.

Mabuɗin cocin ma ba ya hannun Kirista. Gidaje biyu na Musulmi ne ke da wannan aiki tun kaka da kakanni: gidan Juda ke ajiye mabuɗin, gidan Nusaiba ke buɗe ƙofa da asuba su rufe da dare. A 2002 wani ruhubani Bakibɗe da ke zaune a kan rufin ya ja kujerarsa zuwa inuwa saboda zafin rana, Habashawa suka ce ya shiga gonarsu, aka ba hammata iska har mutum 11 suka kwana a asibiti. Duk wannan a wurin da Kiristoci suka yi imani nan aka gicciye Yesu, nan aka binne shi, nan ya tashi.

Mai kallo daga waje ba zai rasa tambaya ba. In dai saƙon gaskiya ne, kuma daga Allah ɗaya ya zo, me ya hana masu riƙe da shi su yi baki ɗaya?

Tambayar ta tsufa ƙwarai. Wajen shekara ta 178, wani masanin falsafa mai suna Selsus ya rubuta littafin sukar Kiristanci, inda ya yi musu gorin cewa da suna 'yan kaɗan kansu a haɗe yake, da suka yi yawa sai suka dare gida-gida, ba abin da ya rage musu na tarayya sai suna. Bayan shekara kamar 70, malamin Iskandariyya Orijen ya mayar masa da martani. Ya ce likitoci ma sun kasu makarantu, masu falsafa ma haka, amma ba wanda ya daina shan magani don likitoci sun saɓa. A ganinsa, abin da ke da muhimmanci a rayuwar mutane shi ake jayayya a kai. A ƙarni na 9 kuma, Abu Isa al-Warraƙ na Bagadaza ya rubuta raddi ga ƙungiyoyin Kirista uku na zamaninsa, Malkawa da Yaƙubawa da Nasɗurawa, yana ɗauko hujjar wannan ya doki wancan da ita. Har yau, duk mai wa'azin muƙabala a bakin kasuwa da ya tambayi fasto wane Baibul ne na gaskiya, mai littafi 66 ko mai 73, sawun al-Warraƙ yake bi, ko ya san sunansa ko bai sani ba.

Ba sharri aka yi wa Kiristoci ba, saɓanin yana nan, kuma Sabon Alkawari da kansa bai ɓoye shi ba. Manzo Bulus ya tsawata wa mutanen Koranti don sun rabu, wasu na bin wannan malami wasu na bin wancan. Manzanni sun yi zama a Urushalima kan ko dole ne a yi wa wanda ba Bayahude ba kaciya kafin a karɓe shi. Daga baya manyan tsagewa uku suka biyo. A taron Kalsidon na 451 aka rabu kan yadda allahntaka da mutuntaka suka haɗu a jikin Almasihu, cocin Masar da na Habasha da na Armeniya suka kama hanyarsu. A 1054 Roma da Kustantiniyya suka la'anci juna, kan ikon Fafaroma da wata kalma guda ta Latin da aka ƙara a cikin aƙida. A 1517 Martin Luther ya tayar da ƙurar da ta haifi Furotesta a Jamus. Ƙididdigar cibiyar Pew ta 2011 ta nuna rabin Kiristocin duniya Katolika ne, kashi 37 cikin 100 Furotesta, kashi 12 Otodoks.

Akwai wata lamba da masu gardama ke son ambatawa: wai ɗariƙun Kirista sun kai 33,000. Daga kundin David Barrett na 2001 ta fito, kuma waɗanda ke yawo da ita ba kasafai suke duba yadda aka ƙirga ba. Kundin yana lissafa kowace ɗariƙa daban a kowace ƙasa, har Cocin Katolika, mai Fafaroma ɗaya tak, ya fito a matsayin ɗariƙu sama da 200. Yawan ofisoshi da takardun rajista aka ƙirga. In aƙida ake nema, manyan gidajen ba su da yawa, kuma mafi rinjayensu sun yarda da abin da aka tsayar a taron Nikiya na 325 aka kammala a 381: Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, Yesu ya mutu ya tashi, akwai ranar shari'a. Littattafai 27 na Sabon Alkawari kusan kowa ya karɓe su. Bambancin 66 da 73 a Tsohon Alkawari yake.

Sai dai kada a ce sauran ƙananan abubuwa ne. Ko a yi wa jariri baftisma ko a jira ya yi hankali, ko gurasar Jibin Ubangiji tana zama jikin Almasihu da gaske ko alama ce, ko bangaskiya kaɗai ke ceto, ko mace na iya zama limamiya, waɗannan duk an yi zaman kurkuku a kansu, wasu ma an rasa rai. A 1553 aka ƙona Maikel Sabetus a Janeba don ya ƙi aƙidar Triniti, kuma Furotesta ne suka ƙona shi, waɗanda su kansu ake farauta a wasu ƙasashe.

In a kan ma'aunin hankali za a ɗora maganar, Orijen ya fi Selsus gaskiya. 'Ya'ya goma na iya yin rigima kan wasiyyar uba, rigimar ba ta nuna uban bai bar wasiyya ba. Mutum biyu da suka saɓa, yana yiwuwa ɗaya na kan daidai, yana yiwuwa duka sun kuskure, amma saɓanin shi kaɗai bai yanke hukunci ba. Wanda kuma zai yi sara da wannan takobi, ya san kaifi biyu gare shi. Mai karatu Musulmi bai manta da rigimar sadalu da ƙabalu ba, ko shekarun da Izala da ɗariƙa suka ƙi sallah a bayan juna, kuma bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin hujjar cewa Alƙur'ani ba gaskiya ba ne. Laifi tudu ne.

Amma akwai inda saɓanin ke cizo da gaske, kuma malaman Kirista masu adalci sun san wurin. Furotesta sun ce Littafi Mai Tsarki a sarari yake kan abin da ya shafi ceto, kowa ya karanta zai gane. To, a 1529 Luther da Zuwingili, manyan jagororin wannan ra'ayi, suka zauna a Marbug, suka daidaita kan batutuwa 14, na 15 ya gagare su: ma'anar 'yan kalmomin da Yesu ya faɗa a kan gurasa. Suka tashi baram-baram. Katolika sukan nuna wannan su ce ga amfanin samun alƙali guda, sai Otodoks su amsa cewa ai ikon alƙalin ne ya raba su da Roma. Banda haka, Injilar Yahaya ta ruwaito addu'ar Yesu cewa mabiyansa su zama ɗaya domin duniya ta gaskata. Wato shi da kansa ya ɗaura yardar mutanen waje da haɗin kan na ciki. Kirista ba shi da damar cewa abin bai dame shi ba. Babban taron Fatikan na biyu ya amsa wannan a fili a 1964, ya ce rarrabuwar ta saɓa wa nufin Almasihu kuma tuntuɓe ce ga duniya.

Turai ta gani a jikinta. Yaƙin Shekara 30, daga 1618 zuwa 1648, wanda ya faro da rikicin Katolika da Furotesta kafin siyasa ta hau kansa, ya ci miliyoyin rayuka a ƙasar Jamus. Masanan da suka taso bayansa suka shiga neman hanyar gina mulki da ilimi ba tare da jiran malaman addini su daidaita ba. Masana tarihi da dama suna ganin nan ne ɗaya daga cikin tushen janyewar Turawa daga coci. Gardamar tauhidi sun daɗe suna jin ta suna zaune lafiya. Gawarwaki ne suka sa su juya baya.

'Yan mishan su suka fi kowa jin nauyin abin, domin su ke tsayawa gaban mutanen da ba ruwansu da faɗan Jamus. A babban taronsu na Edinbara a 1910, mai wakilai kusan 1,200, wani matashin fasto daga Sin, Cheng Jingyi, ya gaya musu cewa Kiristocin ƙasarsa coci ɗaya suke fata, rabe-raben Turawa ba ya gabansu. Daga wannan yunƙuri aka samu Cocin Kudancin Indiya a 1947, wanda ya haɗa Angilika da Metodis da wasu, sannan Majalisar Coci-coci ta Duniya a 1948. A Nijeriya an shirya irin wannan haɗaka tsakanin Angilika da Metodis da Firesbiteriya, an sa rana a Disamban 1965, sai ƙarar da wasu 'yan Metodis suka kai kotu ta wargaza bikin ana dab da yi.

A Arewa kuwa, dabarar da mishan-mishan suka yi ita ce raba ƙasa don kada su taka ƙafar juna, kuma taswirar da suka zana tana nan har gobe. Mutumin Numan galibi ɗan Lutaran ne, domin 'yan Denmak ne suka isa can a 1913. Mutumin Garkida ɗan EYN ne, saboda 'yan mishan na Amurka da suka sauka a 1923. Batangale na Kaltungo ɗan ECWA ne, magajiyar mishan ɗin SIM. A ƙasar Tibi NKST ce, a yawancin Filato COCIN. Kakannin waɗannan mutane ba su zauna sun auna koyarwar Luther da ta sauran jagororin Furotesta ba, wanda ya fara isowa da makaranta da asibiti shi aka bi. Mai suka zai ce ga shi nan, ɗariƙa gado ce kawai. Mai kare addinin zai ce wannan ma ya nuna bambancin bai kai zuci ba, tunda yawancinsu Littafi Mai Tsarki na Hausa ɗaya suke karantawa, wanda ya fara fitowa a 1932, kuma da dama daga cikin cocin sun haɗu tun 1955 a inuwar da yau ake kira TEKAN, Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya. Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya ta CAN ta biyo a 1976, lokacin da suka ga gwamnatin soja na bukatar wanda za ta yi magana da shi da sunan kowa. Ita ma ba ta tsira ba, domin Katolika sun taɓa janye jiki daga harkokinta na ƙasa na wani lokaci.

Abin mamaki, rarrabuwar ba ta hana yaɗuwa ba. Kiristocin Afirka ba su wuce miliyan 10 ba a 1900, yanzu sun haura miliyan 600, kuma a wannan zamanin ne aka fi samun sababbin coci-coci. Masana zamantakewa biyu na Amurka, Rodney Stark da Roger Finke, sun ce gasa ce ke hana limamai barci, shi ya sa cocin gwamnati a arewacin Turai ya zama fayau. Wasu masanan sun ja da su, kuma ko da sun yi daidai, cikar benci ba hujjar gaskiya ba ce. Abin da alkaluman ke nunawa kawai shi ne, talaka ba ya auna addini da yawan allunan da ke bakin titi. Ya fi duba yadda masu allunan ke yi da juna: wa ya kai wa kotu kan fili, wa ya kira maƙwabcinsa ɗan wuta a lasifika, wa ya fasa coci don kuɗin baiko sannan ya ce wahayi aka yi masa.

Wasu tsofaffin raunuka kuma sun fara warkewa, ko da yake labarin sulhu ba ya tafiya kamar na faɗa. A 1965 Fafaroma Paul na 6 da Babban Limamin Kustantiniyya Atenagoras suka janye la'anar 1054. A 1973 Roma da Kibɗawa suka sa hannu kan cewa imaninsu game da Almasihu ɗaya ne, bayan shekara sama da 1,500 ana kallon juna a matsayin 'yan bidi'a. A 1999, a Ogsbug, Katolika da Lutaran suka yarda da matsaya guda kan ceto ta wurin alheri, batun da Luther ya tashi a kansa. Har yanzu dai ba sa cin Jibin Ubangiji tare, kuma bikin Ista na Otodoks da na Katolika sai jefi-jefi yake faɗuwa rana ɗaya, kamar yadda ya yi a 2025. Sababbin tsagewa ma na buɗewa, irin wadda ta raba Angilikan Nijeriya da takwarorinsu na Amurka tun 2003 kan naɗa bishop mai neman jinsi ɗaya.

A Fabrairun 2015 mayaƙan IS suka fitar da bidiyon yanka leburori 21 a bakin teku a Libiya. Mutum 20 Kibɗawan Masar ne, na 21 ɗan Afirka ta Yamma ne da aka ce daga Gana ya fito. Cocin Kibɗawa ya sa su cikin shahidansa nan take. A watan Mayun 2023, Fafaroma Faransis, yana tare da shugaban Kibɗawa Tawadros na 2 a Fatikan, ya sanar da cewa Katolika ma za su shigar da sunayensu cikin kundin shahidansu, a riƙa tunawa da su kowace 15 ga Fabrairu, ranar da cocin da suka rabu da shi tun 451 ya riga ya ware musu.