Kwanon Taimako a Ƙofar Kanti, Lambar Zinare a Olamfik

A garuruwan Birtaniya ba baƙon abu ba ne ranar Asabar a ga yara sanye da rigar kulob ɗinsu a bakin teburin biyan kuɗi na babban kanti, suna taya masu sayayya zuba kaya a jaka, ga bokiti a gefe ana jefa musu kwabbai. Da yawansu 'yan wasan alkafura ne, wato jimnastik, kuma abin da suke tarawa kuɗin sabuwar katifa ne, ko na motar da za ta kai su gasa. Ƙasar da ta kwashe lambobi bakwai a wannan wasa a Olamfik na Rio a 2016 har yanzu da kuɗin kek da tikitin cinkar kyauta take renon zakarunta.

Bayan kunyar Atlanta a 1996, inda Birtaniya ta tashi da zinare ɗaya tal ta zo ta 36 a teburin lambobi, gwamnati ta fara karkatar da kuɗin cacar ƙasa zuwa ga manyan 'yan wasa daga 1997, ta hannun hukumar UK Sport. Shukar ta yi yabanya. A 2008 Louis Smith, ɗan kulob ɗin Huntingdon, ya ci tagulla a Beijin kan dokin katako mai mariƙi biyu, shekara 100 cif bayan lambar ƙarshe da wani ɗan Birtaniya ya ci shi kaɗai a wasan. Beth Tweddle ta kulob ɗin birnin Liverpool ta samu tata a Landan a 2012. Max Whitlock na South Essex ya ɗauki zinare biyu a rana guda a Rio, ya ƙara na uku a Tokyo. Kowace nasara kuma tana turo sababbin yara zuwa ƙofar kulob.

Sai dai kuɗin cacar daga sama yake farawa. Yana biyan tawagar ƙasa, da likitocinta, da sansanin horo na Lilleshall a Shropshire. Yarinya 'yar shekara tara da kocinta ya hango tana da baiwa ba ta cikin wannan lissafi tukuna.

Nan ne gizo ke saƙar. Tsarin gasa na 'yan mata ya rabu gida-gida: akwai matakan yanki da na ƙasa, inda yarinya za ta yi horo 'yan kwanaki a mako ta ci gaba da rayuwarta, akwai kuma turbar zaratan da ake shiryawa domin tawagar ƙasa. Tsallakawa daga wannan zuwa wancan yakan zo da wuri ƙwarai, saboda hukumar wasan ta duniya tana karɓar mace a sahun manya ne a shekarar da za ta cika 16, namiji kuma 18. Wadda za ta shiga wannan sahu a shirye dole ta ƙware a motsi masu wuya tun kafin ta balaga. Sauyin da aka yi wa tsarin ba da maki a 2006 ya ƙara wa wutar itace: an ajiye cikakken maki 10 da Nadia Comaneci ta shahara da shi a 1976, aka raba maki gida biyu, na kyawun aiwatarwa da na wahalar motsi, na biyun kuma ba shi da rufi. Mai son maki sai ya ƙara wahala, wahala kuwa sa'o'i take ci. Yarinyar da ke yin sa'a goma a mako sai ta koma ashirin, wata har talatin.

Kowace sa'a tana da farashi. Ga kuɗin wata, ga rigar gasa, ga safar hannu ta fata don kama sanda, ga mai gyaran gaɓoɓi idan idon sawu ya gurɗe, ga ɗakin otal a wani gari. Idan kulob ɗin unguwa ba shi da ramin soso da ake faɗawa ciki lokacin koyon sabon juyi, sai a koma wani mai nisa, uwa ko uba ya zama direban dare kwana biyar ko shida a mako. Shi ma kulob ɗin ba a kan tudun kuɗi yake ba. Filin alkafura mai sifirin mita 12 ne kowane gefe, hanyar gudu kafin tsalle ta kai mita 25, don haka galibi tsohon ɗakin ajiyar kaya ake haya, wanda ɗumama shi da hunturu ya zama babban nauyi tun tashin farashin makamashi a 2022. Kuma rukunin zarata, duk da shi ne abin alfahari, asara yake jawowa: yara kaɗan, koci mafi ƙwarewa, sa'o'i mafi yawa. Ajin ƙananan yara masu zuwa sau ɗaya a mako shi ne ke ɗauke da shi.

Shi ya sa kulob da yawa suka yi rajista a matsayin ƙungiyar agaji, ko ƙarƙashin tsarin kulob na al'umma da aka buɗe a 2002. Rajistar tana rage musu kashi 80 cikin ɗari na harajin gini, tana kuma ba su damar karɓar ƙarin kwabo 25 daga hukumar haraji kan kowace fam ɗaya da mai biyan haraji ya bayar kyauta. Dokar ba ta yarda uba ya biya wa ɗiyarsa kuɗin tafiya ya kira shi sadaka ba, abin da ya sa ake tara kuɗin da sunan kulob gaba ɗaya. Alherin hakan a bayyane yake: katifar da aka saya saboda mutum shida, yara ɗari uku ne za su yi tsalle a kanta.

Amma bokiti arzikin unguwa yake aunawa, ba baiwar yaro ba. Kulob ɗin da iyayensa suka haɗa da akanta da mai kamfanin gini zai cike takardar neman tallafi cikin sauƙi, ya samu mai ɗaukar nauyi. Wanda ke unguwar masu ƙaramin ƙarfi daga aljihu ɗaya yake roƙo wata bayan wata. Ƙungiyar SportsAid, da aka kafa a 1976, tana ba matasa tallafi, sai dai ga waɗanda hukumar wasansu ta riga ta zaɓo. Yarinyar da ta bar wasan tana da shekara goma saboda tsadar man mota, sunanta ba ya shiga kowane rahoto.

Akwai illar da ta fi wannan zurfi. Iyalin da ya zuba shekaru da dukiya, uwar da ta zama ma'ajin kwamitin tara kuɗi, da wane baki za su ƙalubalanci kocin da makomar ɗiyarsu ke hannunsa? Binciken da lauya Anne Whyte ta fitar kan wasan alkafura a Birtaniya a watan Yunin 2022, bayan ta karɓi bayanai sama da 400 kan shekarun 2008 zuwa 2020, ya samu yara da ake hana ruwa da zuwa bayi lokacin horo, ana auna nauyinsu a kai a kai, ana sa su ci gaba da wasa da rauni a jiki. Ya kuma samu tsoro ya rufe bakin 'yan wasa da iyaye, don gudun kada a cire yaro daga rukuni. Ba za a ɗora wa sayar da kek laifin wannan ba. Amma dogaron da ya sa kowa ke bin kowa bashi a cikin ƙaramin kulob bai taimaka wa mai son yin magana ba.

A ƙarshen 2023 hukumar British Gymnastics ta haramta wa koci auna nauyin ɗan wasa, ta bar aikin ga ƙwararrun lafiya da kimiyyar wasanni, da amincewar yaron da iyayensa. Gyara ne mai kyau, kuma shi ma da kuɗinsa, domin ƙwararre ba kyauta yake aiki ba. A Faris a 2024 Jake Jarman ya ci tagulla a filin alkafura, kuma daga Huntingdon ya fito, kulob ɗin da ya reni Louis Smith shekara 16 kafin nan.