Haƙuri Iri Biyu Ne: Na Dafa Dutse Da Na Ɓoye Ciwo

Yau hirarmu a kan kalmar da kike ji tun ranar da aka kai ki ɗaki, wato haƙuri.

An ce haƙuri maganin zaman duniya, an ce mahaƙurci mawadaci. Amma ki dubi wannan da kyau: mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Ke da kike girki kullum kin san tukunya ba ta tafasa da kanta. Mai dafa dutse sai ta nemo icce, ta hura wuta, ta ƙara ruwa in ya ƙone. Ashe haƙurin da magabata suka yaba aiki ne, ba naɗe hannu ba. Shi ya sa suka ƙara da cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Ga misali nan kusa da mu. Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu tana da shekara kamar 11 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Ta ga yaƙi, ta ga yunwa da rashin 'yan uwa, kafin Shehu ya zauna Sifawa, nan ƙasar Bodinga, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato. Wahalar nan ba ta sa ta zauna tana tagumi ba. Da ta girma sai ta kafa 'Yan Taru, jajoji suna zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su karantar da mata. Ta rasu a 1864, har yau ana shan romon dutsen da ta dafa.

To, yaya Bahaushe ke faɗin sauƙi in ya zo? Ki lura, mafi yawan maganganun a kan sanyi ne da sauke kaya. Za ki ji an ce zuciyata ta yi sanyi, hankalina ya kwanta, na sauke nauyi, kamar an zare mini ƙaya. Wanda ya sha zafin bazarar Sakkwato ya san darajar sanyi, wadda ta ɗauko tulu daga rijiya ta san daɗin saukewa. Ko haihuwa ma cewa muke yi wance ta sauka, a ce mata barka da arziki. Bayan wuya sai daɗi ke nan.

Sai dai akwai karin maganar da ya kamata mu yi hattara da ita: wuya ba ta kisa. Gaskiya ne a kan daka da surfe da zaman talauci. A kan naƙuda kuwa, wuya tana kisa. Yarinya mai cikin fari takan danne ciwo saboda kunya, manya su ce ta daure, haka kowa ta yi. In naƙuda ta yi tsawo, kan jariri yakan danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu, ƙofa ta buɗe. Abin da ke kawo yoyon fitsari ke nan, sau da yawa kuma a rasa jaririn. Ba maita ba ce, ba iska ba ce. Ana ɗinke shi, a Sakkwato ma ana yin aikin a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, amma rigakafi ya fi magani.

Saboda haka in naƙuda ta wuce awa 12 ba a sauka ba, ko jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama mai ciki, haƙuri ya ƙare, sai asibiti. Ki nemi izinin maigida tun cikin yana ƙarami, ku yi magana a fili: in abu ya taso ba ya gida, wa zai kai ki, da wace mota, kuɗin yana hannun wa? Uwar miji da ungozoma, ku ne masu faɗa a ji a daren nan. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Abin da Allah ya hukunta, kamar rasuwa ko ƙarancin damina, mu karɓa da haƙuri, komai nisan dare gari zai waye. Abin da yake da magani kuwa mu faɗa a nema mana, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Allah ya ba mu haƙurin da ke da riba, ya sauki masu ciki lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.