Ita ma kariyar saman mota tana buƙatar kariya daga ɓarayi

Ga direban da ke jigilar fasinjoji tsakanin garuruwa, kariyar da ke saman motarsa wani sashe ne na jarinsa, domin a kanta ake ɗaure buhuna da katifu, kuma kuɗin kaya kan cike giɓin kuɗin mai. Sai dai ƙarfen da ke kawo wannan riba yana cikin abubuwan da suka fi sauƙin kwancewa a jikin mota, saboda tun daga masana'anta an ƙera shi ne don a riƙa ɗorawa ana saukewa.

Yawancin kariyoyin da ake shigowa da su daga waje ƙafafu huɗu gare su, masu kama bakin ƙofa ko sandunan da ke kan rufi, kuma abin da ke riƙe kowace ƙafa bai wuce noti ɗaya ko biyu ba. Duk mai sufana ko ɗan ƙarfen nan mai kusurwa shida da makanikai ke kira alanki zai iya raba ta da motar cikin 'yan mintuna, ba tare da ya fasa gilashi ko ya taɓa ƙofa ba. Wannan ne ya sa sau da yawa jiniyar mota ba ta kuka.

Don haka dabarar farko ita ce a ɓata wa ɓarawo lokaci. Kamfanoni irin su Thule da Yakima suna sayar da ƙananan makullai da ake cusawa a murfin kowace ƙafa, yadda ba za a kai ga notin ba sai da mabuɗi. Ga mai kariyar da aka haɗa a gida, mafita mai rahusa ita ce sauya notin da aka saba da su da waɗanda sufanar kasuwa ba ta kamawa, ko kuma irin notin da kansa ke karyewa idan an gama ɗaurewa. Wasu direbobin haya kan kai wa mai walda ya ɗiga wuta a kan notin. Hakan na aiki, amma yana da tsadarsa: zafin walda na ƙona fenti, tsatsa ta samu wurin zama, kuma ranar da aka so sauke kariyar sai an yanke ta.

Dabara ta biyu ita ce a rage mata daraja a idon mai saye. Idan aka zana lambar motar a jikin ƙarfen da abin sassaƙa, a wurare biyu ko uku, aka kuma ɗauki hotonta aka adana rasit, mai kayan yana da hujjar da zai nuna wa 'yan sanda, dillali kuma zai yi tunani kafin ya karɓa. Wanda ba kullum yake ɗaukar kaya ba kuwa, gara ya sauke ta ya ajiye a gida. Kariya ko babu kaya a kanta tana tare iska, ta ƙara wa mota shan mai, abin da ba na wasa ba ne tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023.

Duk waɗannan dabaru na mutum ɗaya ne, alhali matsalar ta kasuwa ce. Kariyar da aka sace ko dai a sayar da ita ɗungurungum a matsayin ta hannu, ko a yayyanka ta a auna a sikeli a wurin 'yan gwangwan, musamman idan ta alminiyam ce. A watan Janairun 2025, bayan yawaitar satar murafan magudanan ruwa a titunan Abuja, hukumomin birnin sun haramta sana'ar jari-bola, suka kuma rufe kasuwannin panteka na tsawon makonni biyu domin tantance masu harkar. Matakin ya nuna an gane inda kayan ke ƙarewa, amma rufe kasuwa na ɗan lokaci ya fi sauƙi a kan tilasta wa dillalai rubuta sunan duk wanda ya kawo masu kaya, kuma ya shafi dubban matasan da ke neman halalinsu a wannan sana'a.

Doka ba ta yi sassauci ba. A kundin Penal Code da ake aiki da shi a Abuja, sashe na 287 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ga ɓarawo, yayin da sashe na 317 ya tanadi har shekara 14 ga wanda ya karɓi kayan sata yana sane.

Inda mai mota ya fi zama a tsirara shi ne inshora. Nau'in da doka ta wajabta, wanda hukumar NAICOM ta ƙara kuɗinsa daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motocin gida daga 1 ga Janairun 2023, yana biyan ɓarnar da aka yi wa wani ne kawai, ba ya biyan sata. Ko mai cikakkiyar inshora ma ya kamata ya duba takardarsa, domin kayan da aka ƙara wa mota bayan an saye ta galibi sai an ambace su da ƙimarsu kafin kamfani ya amince ya biya.