Wuta Ta Ci Mutum Nawa? Yadda Ake Ƙirga Mutuwar Ƙuna

Mai karatu, in an tambaye ka mutum nawa wuta ta kashe bara a ƙasar Managil, ina za ka samo amsa? Za ka ce a duba littafin asibiti. To, littafin yana da amfani, amma ba kowa ne ke shiga cikinsa ba.

Su wa ake tsallakewa?

Na farko, wanda ya rasu nan take da bukka ta kama wuta a kambo, aka yi masa sutura ran nan, ba a kai shi asibiti ba. Na biyu, yaron da ya faɗa kan garwashi lokacin sanyi, aka yi masa magani a gida. Bayan mako biyu gyambon ya ruɓe, zazzaɓi ya rufe shi, ya rasu. Sai a ce zazzaɓi ne, alhali kuwa wuta ce mafari. Na uku, macen da mayafinta ya kama wuta a bakin murhu, aka wuce da ita Wad Madani, labarinta bai dawo littafinmu ba.

Yaya masana ke cike giɓin?

Suna haɗa hanya biyu. Suna duba littattafan asibiti, sannan su shiga zaɓaɓɓun ƙauyuka gida-gida, su tambayi dangin mamaci: me ya same shi, kwana nawa ya yi yana jinya? Daga amsoshin ake gano ko mutuwa nawa cikin ɗari ta wuta ce, sai a auna da yawan mamatan ƙasar duka.

Haka aka yi a Indiya. Binciken da ya fito a 2009 ya kiyasta cewa wuta ta kashe mutum sama da 163,000 a shekarar 2001, wato kusan ninki shida na abin da 'yan sanda suka rubuta. Yawancinsu mata ne, galibi 'yan shekara 15 zuwa 34. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce ƙuna na kashe kimanin mutum 180,000 kowace shekara.

Me ya shafe ka?

Da adadi ake raba magani, bandeji da ma'aikata. Garin da littafi ya nuna babu ƙuna, ba a aiko masa da kayan ƙuna. Saboda haka:

1. In wani ya ƙone, ka zuba ruwa mai tsabta mai sanyi a wurin har minti 20. Kada ka shafa toka, man goge baki ko ɗanyen ƙwai. Ka kawo shi asibiti ran nan.
2. Ka faɗa mana abin da ya jawo ƙunar: garwashi, kananzir, iskar gas ko tafasasshen ruwa.
3. In ya rasu a gida, ko da bayan wata guda ne, ka sanar da shehun ƙauye da ma'aikacin lafiya, ka ambaci wutar.
4. In masu tambaya sun zo, ka amsa musu da gaskiya. Ba laifi suke nema ba.

Allah ya tsare mu da iyalanmu daga gobara.