Garin Da Ba A Fita Sai Ta Sama

Can ƙuryar arewacin ƙasar Kanada akwai wani ɗan gari mai suna Grise Fiord, wanda mutanensa ba su kai 200 ba. 'Yan ƙabilar Inuwit mazaunansa suna kiransa Aujuittuq, watau wurin da ƙanƙara ba ta narkewa. Babu hanyar mota da ta haɗa shi da kowane gari. Jirgin ruwan kaya kuwa sau ɗaya yake zuwa a shekara.

To, wanda ciwo ya tsananta masa har aka ce sai babban asibiti a Otawa, babban birnin ƙasar, jirgin sama uku zai hau. Wani ƙarami zai kai shi Resolute, wajen kilomita 380. Daga nan zuwa Iqaluit, hedkwatar yankin Nunavut, fiye da kilomita 1,500 ne. Sa'an nan saura fiye da 2,000 zuwa Otawa, tafiyar awa uku. Duka-duka wajen kilomita 4,000 ke nan, kusan ninki biyar na nisan Ikko zuwa Kano. In iska ta ɓaci, sai a yi kwanaki ana jiran jirgi.

Gwamnati ce ta kafa garin cikin 1953, ta kwaso iyalai daga Inukjuak, wajen kilomita 2,000 kudu da nan, da alkawarin za su iya komawa gida bayan shekara biyu. Ba ta cika alkawarin ba. Sai cikin 2010 ta nemi gafararsu.