Ko Ka Sani? Injin Jirgin Ruwa Ba Shi da Lagireto

Duk wanda ya tsaya a kan gadar Carter daga ɓangaren Iddo zai ga ƙananan jiragen ruwa suna keta tafkin Legas, kowanne da injinsa rataye a baya. Mutanenmu sun fi shekara ɗari suna sauka a Iddo, domin nan ne ƙarshen layin dogon da ya isa Kano a 1911, kuma har yau nan ake sauke wake da albasa da busasshen kifi daga Arewa. Sai dai hankalinmu ya fi karkata ga abin da ke tafiya a tudu. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa buɗe murfin injin nan su ga abin da ke ciki.

Ko ka san cewa ba shi da lagireto? Mota tana yawo da ruwanta, babur kuma iska ce ke sanyaya shi. Shi injin jirgi ruwan da yake tafiya a kai shi yake sha. A can ƙasa, kusa da farfela, akwai 'yan ramuka da ruwa ke shiga. Wani ɗan famfo na roba mai fikafikai, wanda bai kai tafin hannu ba, shi ke tura ruwan sama ya zagaye kan injin ya ɗauke zafi, sannan ya koma tafki. Wani ɓangare na ruwan yana fitowa siriri ta gefe, kamar daga bakin buta, don direba ya gani da idonsa cewa famfon na aiki. Idan wannan tsirarar ta ɗauke, a kashe inji nan take, in ba haka ba cikin 'yan mintoci zai buga.

A ruwan Legas kuwa abin da ke toshe ramukan nan ba ya ƙarewa. Ga leda, ga kainuwar da ta mamaye tafkin tun 1984, ga yashi a wuraren da ruwa ba zurfi. Robar kanta ruwa ne ke hana ta ƙonewa, shi ya sa bakaniken kirki ba ya tayar da injin a tudu sai ya tsoma gindinsa a durom ɗin ruwa. Yaron da ya saba da janareto ya zo ya ja igiya a busasshe, cikin minti guda zai cinye robar, kuma ba za a gane ɓarnar ba sai an yi nisa da gaɓa.

Yawancin injinan da masunta da masu fito ke amfani da su, irin Yamaha Enduro, ba su da wurin zuba baƙin mai daban. A cikin fetur ake haɗa shi, galibi kashi 1 cikin 50, wato rabin lita a lita 25. In an rage, fistin ya kama. In an cika, fulogi ya yi baƙi, inji ya dinga shaƙewa. Tsadar mai takan sa wasu su yi ƙwauron baƙin man nan, kuma ni a ganina babu tsimin da ya fi wannan tsada, don fistin da silinda ake biya da shi.

Sai gishiri. Ruwan tafkin gauraye yake da na teku, kuma da rani gishirinsa yana ƙaruwa. Domin haka ake ɗaure wani guntun ƙarfe mai laushi a gindin injin, wanda aikinsa kawai shi ne tsatsa ta cinye shi a bar jikin injin. In ya zaizaye sai a sauya, kuma ba a shafa masa fenti. Man giya ma yana ba da labari: in an kwance kusar ƙasa aka ga ya koma fari-fari, ruwa ya shiga, sau da yawa saboda zaren kamun kifi ya naɗe bayan farfela ya yanke robar da ke tsare man.

Ole Evinrude, haifaffen Norway da ya girma a Amurka, yana cikin waɗanda suka fara fito da irin wannan inji kasuwa, a Milwaukee wajen 1909. An daina ƙera injinan da ke ɗauke da sunansa a 2020, a ruwayenmu kuwa tuni na Japan suka mamaye.

Ana koyon aikin gyaran injin nan ta hanya biyu. Akwai makaranta, kamar Kwalejin Tarayya ta Kiwon Kifi da Fasahar Ruwa da ke Victoria Island, inda ake karantar da injiniyancin jiragen ruwa. Akwai kuma zama a ƙarƙashin maigida a bakin ruwa, inda yaro zai fara da wanke kafireto da goge fulogi kafin a bar shi ya taɓa giya. Tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a Lagos Mainland da Apapa da wasu ƙananan hukumomi huɗu a watan Yunin 2022, samarinmu da yawa masu gyaran babur suka rasa kasuwa. Wanda ya iya kwance injin babur ya riga ya san rabin wannan aikin, saura ya koyi sha'anin ruwa da gishiri. Kuma sana'a ce da zai iya komawa gida da ita, domin a Yawuri da Baga da Lokoja ma da irin injin nan ake fito da mutane ranar kasuwa, ga shi idan ya mutu a tsakiyar kogi babu gefen titin da za a tura jirgi a jira bakanike.