Yadda ɗan Tasawa ko Mayahi ke zama ɗan majalisa kafin juyin mulkin 2023

Wanda ya saba da tsarin Najeriya, inda Katsina da Kano kowace ke da majalisar dokokinta, zai yi mamakin jin cewa jihar Maradi ba ta da irin wannan. A Nijar, kafin juyin mulkin 2023, majalisar dokoki ɗaya ce, tana Yamai. Majalisar jiha, wadda aka fara zaɓa a 2011, aikinta a lokacin tsara ayyukan raya ƙasa ne.

A wancan lokacin, mai neman kujerar majalisar dokoki daga gundumar Tasawa ko Mayahi a jihar Maradi yakan faro daga ƙasa: kansila, magajin gari, ko jigon jam'iyya a gundumarsa. Sai dai gunduma ba mazaɓa ba ce. Jihar Maradi ce mazaɓar, kuma jam'iyya ake jefa wa ƙuri'a, a raba kujeru gwargwadon abin da kowace ta samu. Shi ya sa kokawar gaske a cikin jam'iyya ake yin ta, wajen tsara sunaye. Wannan ne raunin tsarin a ganina, domin manomin da ya dangwala yatsa a ƙauye bai san ƙofar wa zai buga ba idan rijiya ta ƙafe.

A wancan tsarin, wa'adin ɗan majalisa shekara 5 ne. Idan an naɗa ɗan majalisa minista, mataimakinsa ke hawa kujerar.

Zaɓe na ƙarshe shi ne na 27 ga Disamba 2020. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya rushe majalisar, a 2025 kuma aka soke jam'iyyun siyasa baki ɗaya.